Tsibirin Hashima: A Faɗi Tarihin Gaba Ɗayansa

Kimanin kilomita 15 daga birnin Nagasaki na ƙasar Japan akwai wani ɗan tsibiri mai suna Hashima, wanda faɗinsa hekta 6 ne da ɗoriya. Kamfanin Mitsubishi ya saye shi a 1890 domin haƙar kwal a ƙarƙashin teku. Ya gina wa ma'aikata benaye na kankare da makaranta da asibiti, har da gidan silima. A 1959 mutum 5,259 ne ke cushe a wurin. Da man fetur ya ture kwal a masana'antun Japan, sai aka rufe mahaƙar a Janairun 1974, kuma kafin ƙarshen Afrilu kowa ya tattara nasa ya nasa ya tafi.

Yau 'yan yawon buɗe ido ne ke zuwa kallon kangayen, kuma tun 2015 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba mu ƙi hakan ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne batun 'yan Koriya da 'yan Sin da aka tilasta wa aiki a ramukan nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu ma a can suka mutu. Japan ta yi alƙawarin bayyana wahalar da aka sha, amma cibiyar da ta buɗe a Tokyo a 2020 ta fi karkata ga shaidar tsofaffin mazauna masu cewa ba a muzguna wa kowa ba. A 2021 kwamitin UNESCO ya nuna takaicinsa ƙarara.

Muna kira ga gwamnatin Japan ta cika alƙawarinta, ta gaya wa masu ziyara abin da waɗannan leburori suka gani.