Ƙarar Salansa Ba Ta Tserar da Kowa

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin matasan Runka da ƙauyukan Safana da Batsari, har ta kai ba mai musa ta a majalisa. Wai tsohon mashin, in kana so ya amfane ka a wannan zamani, sai ka buɗe shi. A ƙwaƙule bulo a sa babban fistin, a huda salansa ko a zare mata hanji, a cire soson da ke tace iska, a sauya sifoket ɗin baya da ƙarami don ya riƙa cin hanya. In ka nemi dalili, amsar ɗaya ce, kuma tana da nauyi a kunne: muna bakin Dajin Rugu, wanda mashin ɗinsa ba ya gudu shi 'yan bindiga ke kamawa. Ni ban yarda ba. Wannan buɗewa kashe mashin ce da kuɗin mai shi, kuma hujjar tsaron da ake jingina ta da ita ta fi duk sauran hujjojin rauni.

A fara duba abin da ake ɓatawa. A 1974 kamfanin Honda ya tura mutanensa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan su ga yadda talaka ke moran babur. Sun tarar ana labta masa kaya da mutane, ana barin baƙin mai har ya daskare, matatar iska ta toshe da ƙasa. Da suka koma gida ba su ƙera abin tsere ba. A 1975 suka fito da CG125, inji mai sauƙin kwancewa, da soson iska da ake wankewa a mayar. Jikokin wannan injin ne a cikin mashinan Chana da yawa da suka cika kasuwanninmu daga baya. Boxer ɗin Bajaj na Indiya ma a kan wannan tunani aka gina shi: ya ja kaya, ya jure wahala, ya sha mai kaɗan. Masu ƙirar sun yi lissafin turɓaya da lodi irin namu. Yaron gareji da ya ɗauki ƙusa da guduma zai huda salansa, wane lissafi ya yi?

Ku tsaya gun mai gyara ku kalli mashin ɗin da aka zare wa soso ya yi wata biyu yana zirga-zirga a hunturu. Bakanike ya zura yatsa a maƙogwaron kafireta, ya fito da shi ja wur da ƙasa, kana murzawa kana jin tsakuwa. Wannan ƙasar cikin bulo take wucewa, ta gauraya da mai, ta riƙa goge zobban fistin dare da rana. Sai fulogi ya fito baƙi ƙirin yana naso, sai shuɗin hayaƙi a bayanka, sai ka ga baƙin mai yana raguwa ba tare da ya ɗiga a ƙasa ba. Mai mashin ya ce fistin ɗin jabu aka sayar masa. Wataƙila jabun ne, amma ko daga Japan aka sauke shi jiya, ƙasa za ta cinye shi.

Salansar da aka huda kuwa ƙara take ƙarawa, kunne ya yaudari zuciya cewa ƙarfi ya ƙaru. Abin da ya ƙaru shi ne zafi, domin ma'aunin iska da fetur ya karkace, bawul ya fara ƙonewa. Ƙaramin sifoket yana ba da gudu a kwalta mai santsi, gaskiya ne. To, kwaltar nawa ce tsakanin Runka da Gimi, ko Babban Duhu, ko Zakka? Yashi ne da rafi da labi. A irin wannan hanya ja ake nema, kuma ƙaramin sifoket ja yake ragewa. Da ka faɗa yashi da buhu biyu na masara sai kuloci ya fara ƙauri. Birki kuma ba wanda ke tuna shi. An ƙara wa doki abinci an bar shi da tsohon linzami. Birkin da aka auna wa gudun asali shi ake so ya tsayar da injin da aka kumbura, da magidanci da matarsa da goyo a kai. Masu ɗorin ƙashi ba sa rasa aiki.

Sai maganar tsaro. Ba na raina tsoron kowa. Duk wanda ya rayu a wannan yanki cikin shekarun nan ya san ba tatsuniya ba ce. Amma a yi tunani. Babu babur da ya fi harsashi gudu, kuma wanda ya yi kwanton ɓauna a gaba yake, ba a baya ba. Abin da ke fitar da mutum shi ne mashin da ke tashi a kiki ɗaya, wanda ba ya mutuwa a tsakiyar rafi, wanda cen ɗinsa ba ya zamewa in an juya da gaggawa. Buɗaɗɗen inji shi ne ya fi gardamar tashi da sanyin safiya, shi ne ya fi tsayawa inda bai kamata ba. Ga ƙarar nan da ke yi maka shela tun daga nesa. Mutumin da ke son ya wuce ba a san ya wuce ba, me ya haɗa shi da salansa mai tsawa?

Akwai kuma haƙƙin jama'a. A garuruwan nan rugugin babura bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne. Mata kan sungumi 'ya'ya, tsofaffi su nemi mafaka, 'yan sintiri su ɗana. Saurayi ɗaya da ke jin daɗin ƙarar mashin ɗinsa yana iya hana unguwa barci, yana kuma iya jawo wa kansa abin da ba a dawowa daga gare shi. Kada a manta yadda hukuma ke kallon babur a nan. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma hana hawa babur daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin bakin daji. Manomi da ɗan acaɓa da mai kai mara lafiya asibitin Dutsin-Ma su suka ɗanɗana kuɗarta. Duk mashin da aka mayar mai ruri, ba madubi ba lamba, ƙarin hujja ne ga masu cewa a sake ɗaure mu.

Kada wani ya ɗauka ina tare da masu cewa in ba kayan kamfani na asali ba, a jingine mashin. Su ma ba su san aljihun mutane ba. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Tsohon da ke hannunka shi ne jarinka, kuma kayan da ke zuwa daga Nnewi da Kano su ke riƙe da shi. Cikinsu akwai mai kyau akwai shara, mai gyaran kirki ya san bambanci. Sauyin da ya cancanci kuɗinka a fili yake. Tsohon kontak mai yawan gardama a maye shi da akwatin wuta na zamani. A sa ƙwan fitila mai haske wanda ba ya shanye batir. Shokazoba mai ɗaukar lodi, taya mai ƙaya, sabon takalmin birki, cen da sifoket a sauya su tare. In ma za a taɓa sifoket, babba za a sa don yashi. Ba ɗaya a cikinsu da zai sa 'yan mata su waiwayo, shi ya sa ba a yayinsu.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Akwai makanikan da suka san sarai abin da buɗewa ke haifarwa, amma sun san mashin ɗin zai dawo musu bayan wata uku da sabon aiki. Malam mai gyara, kai ne likitan abin hawan garin nan, kuma ɗan maƙwabcinka ne zai hau. In ya zo ya ce a huda, gaya masa gaskiya ko da zai tafi gun wani. Ku kuma shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa na Runka da Safana da Batsari, kuna da ikon hana layi: duk mashin da ba soso, ba madubi, salansa a huje, kada ku bari ya ɗauki fasinja.