Zariya Ko Nsukka: Ina Ɗan Shanono Zai Dosa Don Koyon Zane?

Kowace shekara idan lokacin cike takardar neman shiga jami'a ya kama, akan ga 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare da ke Shanono da Bagwai da Gwarzo suna ta kai da komowa, kowa da burin da ya ƙulla a zuci. Akasarinsu aikin likita ko na lauya ko na injiniya suke hange, kuma waɗannan ba su rasa mai ba su shawara. Amma da wuya a sami ajin da babu yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da hannunsu ya faɗa kan zane tun suna firamare. Shi ne wanda malami ke kira ya zana taswira a allo, shi ke rubuta wa masu shaguna allon talla, ita ce kuma wadda ake nema ranar biki don ta yi wa amarya lalle. Irin wannan ɗalibi ya fi kowa zama cikin duhu, domin a gida ana ganin abin nasa wasa ne, a makaranta kuwa sau da yawa babu malamin zane balle a tambaye shi.

Idan ya yi sa'a ya sami wanda ya san harkar, sunaye biyu zai fara ji, watau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Akwai wasu jami'o'i da kwalejoji masu koyar da wannan fanni, amma waɗannan biyu suna cikin waɗanda suka fi daɗewa da kuma suna a ƙasar nan. Takardar hukumar JAMB kuwa gurbi ɗaya ta ware wa zaɓi na farko, kuma jami'o'i sun fi kula da wanda ya sa su a farko. Saboda haka tilas ne yaro ya tsai da magana. Shawara ce da za ta ci shekara huɗu daga rayuwarsa, ta kuma ci gero da wake da gyaɗar da mahaifinsa ya noma, don haka ba ta kamata a yanke ta a kan jita-jita ba.

ASALIN MAKARANTUN BIYU

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, makarantun nan biyu kamar uwa da ɗiya suke. Sashen koyar da zane na tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya taso daga Ibadan ya sauka Zariya a 1955, a lokacin da mafi yawan malamansa Turawan Ingila ne masu koyar da zane irin na ƙasarsu. A 1958 sai wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa wata ƙungiya ta masu zane. Ra'ayinsu shi ne, ɗalibi ya karɓi dabarun da Bature ya zo da su, amma ya koma ga al'adar gidansu ya ɗebo abin da zai zana. Ƙungiyar ta watse a 1961, kwalejin kuma ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma ra'ayin nan bai mutu ba.

Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, shi ya ɗauki wannan ra'ayi ya kai shi Nsukka a farkon shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, lokacin da ya zama shugaban sashen zane na can. Ya tarar da wani ado da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda suke kira uli, yana neman ɓacewa. Sai ya riƙa tura ɗalibansa ƙauyuka su zauna gaban tsofaffin mata, su koyi yadda ake jan layi da ma'anar kowace alama. Da haka aikin tsofaffin ƙauye ya shiga ajin jami'a, har Nsukka ta yi suna da shi a duniya. A 1975 kuma wani mutumin Ghana, El Anatsui, ya zo koyarwa a sashen, kuma shi ne daga baya ya riƙa ɗinke marafen kwalabe da waya yana mai da su kamar manyan zannuwa, aka ba shi babbar lambar girma a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a ƙasar Italiya a 2015. Demas Nwoko, tsohon ɗalibin Zariya, ya sami irin wannan lambar a fannin gine-gine a 2023. Ashe ke nan babu wadda za a raina a cikin makarantun biyu.

ABIN DA KE GABAN ƊAN SHANONO

To, tun da kowace ta isa, da me za a auna? Ma'auni na farko shi ne wanda su Okeke suka bari: ina ne ɗalibi zai fi samun damar ɗora karatunsa a kan abin da ya gada? A nan Zariya ta yi wa Nsukka rata ga ɗan ƙasar Hausa. Daga Samaru, inda sashen yake, tafiya kaɗan ce zuwa cikin birni, inda babban masallacin Juma'a yake, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina da ƙasa a shekarun 1830, masana gine-gine kuma har yau suna nazarin bakan gizonsa. A birnin ne masu ɗinkin hannu ke zuba aska biyu da aska takwas a jikin manyan riguna. Wani malamin jami'ar, David Heathcote, ya yi shekaru yana bincike a kan wannan ɗinki, har ya shirya baje kolin kayan fasahar Hausawa a London a 1976. A Kano kuma ga marinar Ƙofar Mata, ga majema da dukawa, ga garin Kura da ya shahara da turkuɗi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar ana kai su har Timbuktu da Tarabulus.

Shi kansa ɗan Shanono ba da hannu sake zai je ba. Adon da ke jikin faifai da tabarma da ƙwarya, da zayyanar da mahaddata ke yi a allo ranar sauka, da zankwayen da ke kan tsofaffin soraye, duk littafi ne wanda ya karanta tun yana goye. Ɗalibin da ke Samaru yana iya barin makaranta da safe ya yi sallar la'asar a gida, ya kwana biyu gaban maginiyar tukwane ko masaƙi, ya koma da abin da zai gabatar a aji. Wanda ke Nsukka kuwa sai ya yi tafiyar yini guda cur, ya ƙetare Binuwai ko Kwara, kafin ya ga gida, kuma ba zai iya yin haka fiye da sau biyu ko uku a shekara ba.

Ma'auni na biyu shi ne aljihu. Karatun zane ya fi karatun tarihi ko na harshe cin kuɗi, domin ban da kuɗin makaranta da na ɗaki, kowane zango sai an sayi takarda da fenti da buroshi da yadi da sinadarin rini, ga kuma kwamfuta wadda a yau mai zanen talla ba ya iya aiki sai da ita. Manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a hannu yana iya aika wa ɗansa tsaba da ƙuli-ƙuli zuwa Zariya a motar kasuwa. Zuwa Nsukka kuwa sai tsabar kuɗi. Abin da za a kashe a mota kawai ya isa sayen kayan aikin zango guda. Yaron da ya bar karatu a aji biyu saboda rashin guzuri, shi da iyayensa sun yi biyu babu.

Ma'auni na uku shi ne damar samun gurbi. Bisa ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben na masu maki mafi yawa ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin zamani. Ɗan Jihar Kano yana da ƙofa a kowane ɗayan ukun a Zariya. A Nsukka ƙofar 'yan yanki a rufe take gare shi, sai ta maki da ta jihohin da ke baya.

TSORON IYAYE

Akwai kuma wata damuwa da ba a cika faɗinta a fili ba, alhali ita ce ke hana iyaye da yawa sa hannu, watau batun zana surar mai rai da sassaƙa mutum-mutumi. Damuwa ce ta gaskiya, kuma hukuncinta na malamai ne. Amma ya kamata iyaye su sani cewa fannin ya fi haka faɗi nesa. A Zariya an raba shi gida biyu tun shekarun 1970. Akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da zanen yadi da aikin tangaran da zanen ɗab'i, watau tsara bangon littafi da tambarin kamfani da kwalin kaya. Yaro yana iya gama digirinsa a nan ya ci abinci da shi har tsufa bai sassaƙa komai ba. Nsukka ma tana koyar da waɗannan, amma a can duka a sashe ɗaya suke.

Masu cewa ginin tukwane ba aikin mai ilmi ba ne, sai su ciro takardar Naira ashirin su duba bayanta. Matar da ke jiki ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a garin da ake kira Suleja yanzu a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Masu tambayar inda aikin yake kuma su zaga kasuwar Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a farkon shekarun 2000, wasu da yawa a Kano da Kaduna suka bi bayanta, kuma mafi yawan atamfar da ke kasuwar daga ƙasar Sin take zuwa. Kowane turmi a ciki wani ne ya zana shi, aka biya shi. Ranar da masaƙun Arewa za su farfaɗo, ba auduga da wuta kaɗai za su nema ba, har da masu zane da suka san abin da macen Bahaushe ke so ta ɗaura.

HUJJAR MASU SON NSUKKA

Duk da haka, rashin adalci ne a ce masu son Nsukka ba su da hujja. Hausawa da suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, su ne kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Su Okeke da Nwoko da Onobrakpeya sai da suka baro garuruwansu suka zo Zariya kafin idonsu ya buɗe a kan abin da ke gida. Ba abin mamaki ba ne ɗan Shanono ya fi ganin darajar zayyana idan ya zauna inda ba a san ta ba, abokan karatu suna tambayarsa ma'anarta. Bugu da ƙari, Nsukka ta daɗe da sanin yadda ake mai da adon ƙauye ilmin jami'a, kuma wannan dabara ce da adon Hausawa ke bukata ƙwarai. Yaron da iyayensa ke da hali, wanda zuciyarsa ta karkata ga zane tsantsa, kuma yake da juriyar zaman baƙunta, kada a hana shi don tsoron nisa kawai. Ƙasa ɗaya ce, jami'ar kuma ta tarayya ce.

Amma ga akasarin 'ya'yan manoma, hanya mafi dacewa ita ce su sa Zariya a farko, su riƙe darasin Nsukka a zuci, in hali ya yi su je can ko wani wuri don digiri na biyu, lokacin da hannu ya nuna kuma suna da abin da za su nuna wa baƙo. Kuma ko wacce aka zaɓa, kada a dogara da tsohon suna, gani ya kori ji. Ɗalibi ya roƙi wani babba ya raka shi ya ga sashen da idonsa. Ya tambaya ko murhun gasa tangaran yana aiki, ko masaƙa na motsi, ɗalibai nawa ke rabon tebur guda, ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da darasin, da kuma darussan sakandare da sashen ke nema, domin kowane sashe da nasa. Ya nemi 'yan ajin ƙarshe su nuna masa aikinsu, don aikin ɗalibi shi ne shaidar malami.

Saura kuma nauyin da ke kan ma'aikata. Jami'an ilmi na ƙananan hukumomi da na Ma'aikatar Ilmi ta Jiha su ne ke da ikon tura malaman zane makarantun karkara, tun da yaron da bai zauna jarrabawar zane a sakandare ba zai sha wuya kafin ya shiga sashen. Hukumar ba da tallafin karatu ta duba tsadar kayan aikin wannan fanni idan tana yanka wa ɗalibai alawus. Shugabannin makarantu kuma su gayyato tsofaffin ɗaliban Zariya da ke aiki a Kano su zo su yi wa yara da iyaye bayani kafin a fara sayar da takardar JAMB ta bana, tun ba a cike gurbin zaɓi na farko da ka ba.