Faifan da Ba Shi da Uba: Ƙalubale ga Manazarta Waƙar Baka

Duk wanda ya bi Titin Ahmadu Bello a Doka, ya ratsa ta gefen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba zai rasa ganin samari zaune gaban kwamfuta suna tura wa jama'a waƙoƙi a cikin waya ba. Mutum zai miƙa katin wayarsa da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa shi da abin da mai turin ya ga dama: ɗan Shata, ɗan waƙar fim, ɗan bege, wani lokaci har da kiɗan wani makaɗin ƙauye da ko shi mai turin bai san sunansa ba. Makasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa aikin da waɗannan samari ke yi, watau tono waƙa da zaɓa wa kunnen jama'a abin saurare, aiki ne da ya kamata ɗaliban Hausa su sa hannu a cikinsa, su yi shi da ilimi, tun kafin abin ya suɓuce.

A da, gidan rediyo ne ke riƙe da wannan ragama. Tun daga 1962 da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, wanda sashensa na rediyo ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978, makaɗi daga Isa ko Haɗeja ko Funtuwa kan samu muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Shirin Zaɓi Sonka ya koya wa talaka cewa shi ma yana da ta cewa game da abin da za a sa. Amma fa ma'aikatan gidan su ne ke da mabuɗin ɗakin fayafayai, abin da suka ɗauka shi aka sani, abin da suka tsallake kuwa sai wanda ya je biki ya ji da kunnensa. Zuwan kaset ne ya karya wannan shinge. Da rikoda mai batir, kowane mai shago na iya ɗaukar makaɗi a dandali, ya kwafa, ya sayar, ba tare da izinin wani kamfani ba. Ta haka aka tara ɗimbin waƙoƙin da ba su da hatimi, ba su da shekara, ba su da sunan wanda ya ɗauka. Su ne fayafayan da ba su da uba.

A nan ne laifin manazarta yake. Tun da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, hanya ta buɗe, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa ma'aunin nazarin waƙar baka wanda ɗalibai ke bi. Sai dai ɗalibi, da yake yana son inda aka riga aka share masa, yakan koma ga Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya sake auna Bakandamiya da mudun da aka auna ta jiya. Babu mai musun girman waɗannan makaɗa. Abin tambaya shi ne, ina rabon sauran? Gurmin Haruna Uji da kukumar Hassan Wayam da ƙwaryar Barmani Coge sun sami ɗan rabo, amma akwai na bayansu da yawa waɗanda ko sunayensu ba su shiga takarda ba.

Kaduna kuwa ta fi kowane gari ba da hujja a kan faɗin abin da ake kira waƙar Hausa. A garin ne Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi zamani da ƙungiyarsa ta masu jita da ƙaho, yana rera Hausa tsantsa a kan kiɗan zamani, kamar yadda ake ji a waƙarsa Ikon Allah. A garin ne ƙungiyoyin zumuntar mata na coci-coci ke waƙa da Hausa, da amshi da salon da ba ya rasa kama da na waƙoƙin daɓe da na niƙa. A garin ne mabiya ɗariƙa ke buga mandiri, kuma a nan ne samari irin su DJ AB suka tashi da waƙar gambarar zamani. Duk waɗannan da harshe ɗaya suke aiki, duk suna da jagora da amshi da karin murya da adon magana. Ɗalibin da ya saurari ɗaya ya toshe kunne ga saura ya san reshe ne kawai.

Wani zai ce waƙar da aka ɗora a kan fiyano, aka gyara muryar mai ita da na'ura, ba adabi ba ce, hayaniya ce. Wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin akwai tarkace da yawa a kasuwa. To amma ai ba a san tarkace ba sai an saurara, kuma tace tsaba daga ƙaiƙayi shi ne ainihin aikin manazarci. Wanda ya ƙi saurare gaba ɗaya ya bar wa wani aikin ne.

Kuma wani ɗin ya riga ya karɓa. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, daga birnin Portland, ya kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna Sahel Sounds, ya yi ta yawo yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a yankin Sahara, ya fitar da su a faifai a 2011. Shi ne ya ci karo da wani tsohon kaset a gidan tarihi na Yamai, na Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan ogan mai lantarki a 1978, kiɗan da mutanen Nijar suka daɗe suna ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. A 2013 aka sake buga shi, duniya ta ji. A shekarar ce kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Haka nan Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu wanda ya yi suna a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin salon gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin fim. Ba a faɗi wannan don a zargi baƙo ba, ya yi abin da ya dace, ya rubuta sunan mai waƙa da shekara da wuri. Abin takaicin shi ne ɗalibi a Zariya ko Kano ya ji labarin kayan gidansu daga bakin mutumin Portland.

Saboda haka shawara ga sassan Hausa ita ce a mayar da tono waƙa wani ɓangare na karatu. Kowane ɗalibin adabi, kafin ya kammala, ya nemo kundi ɗaya wanda ba ya cikin manhaja, ko kaset ne daga akwatin kakansa, ko abin da ya samo wajen masu turi. Ya binciko wane ne mai waƙar, ɗan ina ne, da wane abin kiɗa, a wane buki ko ɗakin ɗauka, kuma a wace shekara. Ya rubuta baitocin, sa'an nan ya tsaya gaban 'yan ajinsa ya faɗi dalilin da ya sa ya ga ya cancanci a saurara, su kuma su yi masa gardama. Mujalla irin wannan tana iya ware shafi biyu a kowace fitowa domin irin wannan gabatarwa. In mai waƙar yana raye, a neme shi, a nemi yardarsa, domin abin da ke lalata sana'ar turi shi ne ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya yi waƙar, kuma bai kamata jami'a ta gaji wannan hali ba.

Gaggawar al'amarin a fili take. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, daminar Kaduna kuwa ba ta da sauƙi, rikodar da za ta juya shi ma sai an tona. Waƙar da ke cikin waya ta fi shi rauni, domin da an kwafa sau uku sunanta ya zama lamba, in katin ya ƙone shi ke nan. Wurin ajiya kuma bai gagara ba. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana nan Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda tun 1970 aka mayar da shi cibiyar binciken tarihi, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga bakin kasuwa inda masu turi ke zaune zuwa can, tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep.