Libarbar Kaka a Kasuwar Gwanjo

A watan Yuli na 2024 an yi gwanjon wasu ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a garin Fontainebleau na ƙasar Faransa, aka sallama su a kan Yuro miliyan 1.69. Shi Napoleon ya ba da su ne kyauta ga janar ɗinsa Caulaincourt a 1814, suka yi ta zama gado a zuriyar mutumin. Amma tun kafin ranar ciniki gwamnatin Faransa ta ayyana su a matsayin dukiyar ƙasa, ta hana a fita da su waje. Wato ko a ƙasar da jari-hujja ya yi kaka-gida, an san akwai kayan da ba a barin wa kasuwa ita kaɗai.

To, mene ne ainihin abin da ake saye a irin wannan gwanjo? Ƙarfen dai ba shi da wata tsada. Libarba ƙirar Webley, wadda aka ƙera a Birmingham, dubbai aka yi ta yin ta domin hafsoshin Ingila. Abin da ke ɗaga farashinta shi ne takardun da ke tafe da ita: sunan mai ita, bataliyarsa, fagen da ya yi yaƙi, wasiƙar da ya aiko wa matarsa, hotonsa cikin kaki. A kan wannan labari dillali yake cin la'ada. Jikan da ya kai libarbar kakansa gwanjo, tarihin gidansu ya ɗora a faifai, kuma wanda ya fi kuɗi shi zai tafi da shi ya kulle a akwati.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da abin da jikan Bature ya yi da gadonsa? Ruwanmu ne ƙwarai, idan libarbar ta je Bama. A 1943 Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 daga sojojin Afirka ta Yamma, ta kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dajin Bama don su kara da Japan. Dubun-dubatar samari ne, da yawansu daga ƙauyukan Arewa, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Su suka ratsa kwarin Kaladan a 1944, su suka shiga Myohaung a watan Janairu na 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun yi yaƙi cikin dakarun Chindit a bayan layin abokan gaba. Akwai kuma 'yan alaro da suka ɗauki harsashi da abinci a ka, a wuraren da mota ba ta shiga. Duk da haka babu ɗan Nijeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa sai a 1948. Libarba kuwa galibi a kugun hafsa take. Saboda haka idan aka tallata libarbar wani kyaftin da ya yi Kaladan, jarumtakar da ake ƙididdigewa da Fam ta mutum ɗari ce, sunan mutum ɗaya kawai aka rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba yau aka fara wannan rabon zalunci ba. Takardun gwamnatin Ingila da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa a kuɗin sallama, farabiti farar fata yana samun sule goma a kan kowane watan aiki, baƙar fata ɗan Afirka kuwa sule uku da sisi. A ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka yi maci a Akara suna neman haƙƙinsu, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe uku daga cikinsu. An biya su da araha suna raye, yanzu ana cinikin labarinsu da tsada suna kabari.

Masu kare gwanjo suna da hujja biyu. Ta farko, wai gado na magada ne, in sun ga dama su sayar. Mun yarda, kuma ba za mu zagi iyalin da talauci ya tilasta wa rabuwa da kayan kaka ba. Amma mallakar ƙarfe daban, mallakar shaida daban. Yaƙin da aka yi da jinin jama'a, shaidarsa ta jama'a ce. Ta biyu, wai masu tara kayan tarihi sun fi kowa iya adanawa. Adanawa ga wa? Abin da ɗalibi ba zai gani ba, malami ba zai bincika ba, da shi da wanda gara ta cinye duk ɗaya ne a wurinmu.

Sai dai kada mu nuna Turai da yatsa mu manta da sauran yatsun. Muna wuce barikin Chindit a Zariya, da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna, kullum. Mu nawa ne muka san cewa waɗannan sunaye daga yaƙin Bama suka zo? Lambobin yabo da littattafan sallama na mazan jiya suna ruɓewa a ƙarƙashin gado, ko su faɗa hannun 'yan gwangwan a kan kuɗin cefane. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta fi mai da hankali ga aikin hannun gida na kafin 1918, kayan sojan 1944 kuwa an bar su ba mai tsaya musu.

Don haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da Sashen Tarihi su tashi tsaye. Duk ɗalibin da ya je hutu ya tambayi gidansu ko akwai wanda ya je Bama ko Habasha, ya rubuta sunansa, da lambarsa, da bataliyarsa, ya ɗauki hoton takardunsa, ya naɗi abin da tsofaffi suka ji daga bakinsa. A tara waɗannan a Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama na Kano. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga ya bi ta hannun hukuma ya miƙa ta gidan tarihi da sunan mai ita a jiki, domin doka ba ta yarda a ajiye makami ba lasisi ba. Gwamnati kuma ta tanadi kuɗin fansar irin waɗannan kaya, ta riga dillali zuwa ƙofar gidan talaka. Mazan jiyan da suka ga Kaladan da idonsu sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun tsufa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.