Tsatsar Da Ke Ba Da Haske

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina kuskure ne mu riƙa koyar da kimiyya da alli da allo kaɗai, alhali kuwa ga ta nan cikin gidajenmu. Bari in ba ku misali da fitilar aci-balbal.

Kowa ya san ƙarfe in ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi tsatsa. To, akwai wani ƙarfe mai suna seriyam, wanda masana suka gano a Suwidin da Jamus cikin 1803. Tsatsarsa ba ja ba ce, gari ne fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Turawa sun sa shi cikin ƙarafan da suke kira masu wuyar samu, amma a gaskiya ya fi kuza da darma yawa a cikin ƙasa. Rarrabe shi da 'yan'uwansa ne aiki.

Cikin 1891 wani Bature na Ostiriya, Auer von Welsbach, ya jiƙa 'yar raga da ruwan gishirin toriyam da na seriyam. Da aka sa mata wuta sai zaren ya ƙone, ya bar toka tsaye da siffar ragar: kashi 99 tsatsar toriyam, kashi 1 tsatsar seriyam. Ta toriyam tana jure zafi ba ta narkewa, amma haskenta ita kaɗai dishi-dishi ne. Kashi ɗayan nan shi ke kawo farin haske. In kuwa aka zuba da yawa sai hasken ya ragu, kamar gishiri a miya. Shi ya sa lagwanin aci-balbal yakan ruguje da zarar an taɓa shi, gama toka ce.

Abin da ya fi damuna shi ne, yashin da ake fitar da ƙarafan nan biyu, watau monazait, yana nan cikin tarkacen haƙar kuza a ƙasar Jos. Yana da daraja, yana kuma da haɗari, don toriyam yana fid da wani irin haske marar ganuwa mai cutar da jiki. Yaron da ke wasa a kan tulin yashin nan, wa zai gaya masa in ba malaminsa ba?

Saboda haka ranar da aka tura ku gwajin koyarwa, ku nemi tsohon lagwani ku sa a kwalba ku rufe, ku kai aji. Yara su gani da idonsu tukuna, sa'an nan a juya ga allo. Allah ya sa mu dace, amin.