Tsuntsayen Paul Klee

Yara, in malam ya ce a zana tsuntsu, wasunku sukan ɓoye takardarsu. Sai su ce: "Nawa bai yi kama da tsuntsu ba." A ganina, wannan ba abin kunya ba ne. Ga dalilina.

A shekarar 1922, wani mai zane haifaffen ƙasar Suwis, mai suna Paul Klee, ya yi wani zane bisa takarda da tawada da fentin ruwa. Fentin ruwa launi ne da ake jiƙawa, a shafa da burushi. In ruwan ya yi yawa, sai launi ya bazu, ya shiga cikin wani launin.

A cikin zanen akwai tsuntsaye huɗu, sirara kamar tsinke. Suna tsaye bisa waya, bakinsu a buɗe. A ƙarshen wayar akwai hannun juyawa, irin na keken ɗinki. Bayansu shuɗi ne, gefe kuma ruwan hoda, kamar sama da asuba.

Ba wanda ya taɓa ganin irin waɗannan tsuntsaye, sai dai a mafarki. Amma duk wanda ya dube su yakan so ya juya hannun nan, ya ji kukansu. Wani ya yi dariya. Wani ya ji tausayinsu, don ba su da halin tashi. Dukansu sun fahimci zanen.

Ba kowa ya so shi ba. A shekarar 1937, gwamnatin Hitler ta Jamus ta cire shi daga gidan ajiye zane-zane na Berlin, ta ce lalataccen aiki ne. A 1939 wani gidan zane-zane na Amurka ya saye shi, har yau yana can.

Gaskiya ne, a darasin kimiyya dole ku zana fara da ƙafafunta shida. Amma a lokacin zane, ku saki hannu. Ku yi raƙumi kore in kuna so. In abokinku ya yi wata ja, kada ku yi masa dariya. Ku tambaye shi abin da ya gani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tambayoyi
1. Mene ne fentin ruwa?
2. Tsuntsaye nawa ne cikin zanen?
3. Zana abin da ka taɓa gani a mafarki.