Ratar da Ake Ba Mai Motar Gida Ba Gata Ba Ce

Wanda ya saba kallon ƙwallon dawaki a Katsina ko Kaduna ya san rata. Kowane ɗan wasa da matsayinsa, daga −2 zuwa 10 (Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai 7), kuma a gasar rata, ƙungiyar da jimillarta ta gaza ana rubuta mata ƙwallaye tun ba a hau doki ba.

Masu tseren motoci a Amurka su ma suna da tasu. A filayen ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, motoci biyu ne ke jerawa a miƙaƙƙen titi mai mita 402. Kowane direba zai rubuta a gilashin motarsa lokacin da yake sa ran cinye titin. Idan mai motar zuwa kasuwa ya rubuta daƙiƙa 14, mai ƙerarriyar motar tsere ya rubuta 10, fitilar na farkon za ta riga kunnuwa da daƙiƙa 4. Wanda kuma ya isa da wuri fiye da abin da ya rubuta, ya faɗi, ko da shi ya fara tsallake layi.

A takarda, adalci ke nan. A kan kwalta, mai raunin ne ke shan wuya.

Mai motar tsere yana tahowa daga baya, abokin karawarsa na gabansa ƙuru-ƙuru. Yana auna tazara, ya ga ko ya ci gaba da taka totur ko ya ɗan taɓa birki don kada ya zarce lokacinsa. Shi kuwa na gaba, hannu na kan sitiyari, wuya a murɗe, yana waiwayen abin da ke tunkaro shi da gudun sama da kilomita 200 a awa, alhali tasa da ƙyar take kai 160. Kafin ya yanke shawara an wuce shi fuu. Ga iska, wadda ta fi samun lokacin taɓa motar da ta fi daɗewa a kan titi, ta ɓata masa lissafi.

Waɗannan duk a iya cewa halin wasa ne. Wadda ba ta da hujja ita ce tsohuwar dokar danja: wanda ya fara zabura kafin koriyar fitila shi ya faɗi. To, wa ke fara tashi? Mai rauni. Da ya yi kuskuren nan magana ta ƙare, ko da na bayansa zai yi wanda ya fi nasa muni.

Kamfanin Compulink ya fito da tsarin TruSTART, mai jira sai duka biyun sun tashi, sannan ya kayar da wanda zaburarsa ta fi yawa. Gyara ne na na'ura, ba sai an sake titi ko mota ba, don haka filin da ke karɓar kuɗin shiga iri ɗaya daga direbobin nan biyu ba shi da uzurin ƙin sa shi.